Koren Katin Surukina, Daga Damagaram Zuwa Lyon

Damagaram

Tun kafin kiran assalatu na fito da akwatuna biyu ƙofar gida, nawa da na surukina, mahaifin matata Zuwaira. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ba kuma zai fito daga alƙalamina ba. Alhaji nake ce masa, ku ma sai ku yi haƙuri da hakan.

Alhaji ya yi rabin rayuwarsa a Faransa, a wata masana'antar rinin yadi da ke gefen Lyon. Da aka rufe ta, sai aka sallame su tun shekarunsu ba su kai na fansho ba. Ya tattara nasa ya nasa ya dawo gida, ya yi gini, ya rantse shi da ƙasar sanyi har abada. Abu guda ya riƙe daga can, wani koren katin asibiti da ya sa baduku ya ɗinka wa kube kamar laya. Yakan ɗaga shi a majalisa ya ce, "Muddin wannan na aljihuna, likitan Faransa nawa ne."

To, a shekara ta biyu da dawowarsa sai ya fara ramewa. Babbar riga ta yi masa yawa, majalisar ma ya rage zama. Kowa ya tambaye shi jiki, amsa ɗaya ce, lafiya lau. Rannan kwatsam ya ce zai je a duba shi. 'Ya'yansa duk mata ne, ni kuwa ina da biza saboda ina zuwa sayo tsofaffin kayan mota, don haka rakiya ta faɗo kaina. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, a zuwana na baya na ji 'yan uwa suna cewa an canza dokar katin nan ga waɗanda suka bar ƙasar. In kuwa katin ya ƙi, duk danginmu babu mai ƙarfin gadon asibitin Turai. Ban faɗa masa ba. Da wane baki suruki zai ce wa uban matarsa layarsa ta karye?

Muna shirin fita Hajiya, matarsa, ta kira ni daga bayan labule. Na durƙusa, ta miƙo wani ƙunshin kilishi.

"Na Malam Sambo ne, a Lyon. Hannu da hannu, Lawali."

Alhaji ya jiyo daga zaure. "Wa ya ce miki za mu Lyon? Paris kaɗai za mu, in ga likita in dawo. Ba ni da lokacin Bafulatanin nan."

Hajiya ta sake ce mini, "Hannu da hannu." Na cusa ƙunshin a ƙasan akwatina.

Hanyar Yamai

Kar ɗinmu, wato babbar motar fasinja, ta tashi da duku-duku. Na yi dabara na nemi kujerar bayan tasa, don kada mu haɗa kafaɗa. Daga nan nake kallon ƙeyarsa har Tasawa. A Maradi mutane suka yi ca a kan masu shayi da burodi, shi ko ruwa bai kurɓa ba. Na saya masa ruwan gora na ajiye a gefensa, a Ƙonni na tarar da shi yadda na ajiye.

Wani abu kuma na lura da shi. Duk inda mota ta tsaya, ko shingen jandarma ne, Alhaji ne farkon sauka da butarsa, shi ne kuma na ƙarshen hawa. A Dogon Dutsi sai da direba ya yi ta danna oda.

"Wa ke da tsohon nan? Mu fa ba kwana za mu yi a nan ba!"

"Nawa ne, yi haƙuri, ga shi nan tafe," na ce, ina jin kamar in shaƙe direban.

Alhaji ya hawo yana gumi, leɓensa ya yi fari. Na sunkuyar da kai na ce, "Sannu, Alhaji." Ya ce, "Lafiya lau, zafi ne." Muka shiga Yamai bayan isha'i, muka kwana a gidan wani abokin kasuwancina.

Cikin jirgi

A jirgi dabarata ta ƙare, don tikitinmu gefe da gefe ne. Aka kawo abinci, shinkafa da kaza, ƙamshi har cikin raina. Alhaji ya ɗaga hannu ya ce ya ƙoshi. Ni da ban taɓa tauna ko gyaɗa a gabansa ba, ni ma na ce na ƙoshi, alhali hanjina na kuka. Baturiyar da ke rabon ta dube mu ta wuce, wataƙila ta ɗauka azumi muke. Ya roƙi a ba shi kujerar bakin hanya, kuma har muka sauka ban ga ya zauna zaman kirki ba.

Sevran

Mun sauka Paris da safe. Jami'in da ya duba takardar zaman Alhaji ya juya ta gaba da baya, ya tambaye shi tun yaushe rabonsa da ƙasar, sannan ya buga hatimi. Muka wuce. Jirgin ƙasa ya kai mu Sevran, tasha kaɗan daga filin jirgi. A can Isufu yake, ɗan unguwarmu da ya zo karatu ya samu aiki ya zauna. Gidansa na hawa na sama a dogayen benayen Beaudottes, na'urar hawa kuma ta lalace, sai matakala. Alhaji ya hau yana tsayawa, wai yana kallon unguwa.

Matar Isufu ta yi mana tuwon semo da miyar kuɓewa. Aka kai wa Alhaji nasa ɗaki, ni na ci nawa a kicin kamar wanda aka sako daga kurkuku. Ina cikin ci na yi wa Isufu maganar katin.

"Lawali, ban so in tayar maka da hankali," ya ce. "Amma na san wani tsoho ɗan Tawa da ya zo bara da irin wannan. Katin na hannunsa, sabo fil, amma a cikin na'ura babu shi."

Na mayar da lomar da ke hannuna cikin kwano.

Kashegari muka je wurin wani likitan unguwa. Matar da ke karɓar mutane ta zura katin a 'yar na'urarta, ta zare, ta goge shi da hannun rigarta, ta sake zurawa. Ta ce da Faransanci an rufe haƙƙinsa. Alhaji ya yi dariya, ya ce na'urarta ce ba ta da lafiya, shi da ya biya kuɗin asibiti daga albashinsa tun ba a haife ta ba. Ta ce ita ba ta musu, amma sai ya je ofishin inshorar da ke riƙe da sunansa, can inda ya yi aiki. Na ce to a bar shi ya ga likitan, ni zan biya ganin. Ya dube ni, ya dubi ƙofar likitan, ya mayar da katin kubensa.

"Ba gaggawa. Mu je a gyara abin tukuna."

A ƙasan akwatina kilishin Hajiya na nan, ga shi Lyon ɗin da ya ce ba za shi ba ta kira shi da kanta.

Jirgin Lyon

Isufu ya raka mu babbar tashar da jiragen kudu ke tashi, ya sayo mana tikiti. Tsadarsa ta sa na yi salati a bainar jama'a. Jirgin kuwa gudu yake kamar ba ƙasa yake takawa ba, awa biyu ka isa. Gonaki kore shar, shanu farare sun yi ƙiba har sun gaji da kansu, amma ni ban ga kyan komai ba. Ina ta lissafin abin da zan ce wa Zuwaira in na komo mata da uba yadda na tafi da shi, ko ƙasa da haka.

Alhaji ya shafe rabin tafiyar a tsaye kusa da ƙofar bayi. Da ya dawo ya zauna a gefen kujera, ya dafe marar cikinsa da hannu a ƙarƙashin riga. Da ya ga ina kallo sai ya zare hannun ya gyara hula. Na kau da kai, don abin da aka koya mini ke nan tun ina yaro.

Lyon, ofishin inshora

Daga tasha ya ce mu zarce ofis da akwatunanmu, wai in an gyara katin mu juya Paris a ranar. Muka ja lamba muka zauna cikin jama'a, Larabawa, baƙaƙe, Turawa, kowa da takardu a cinya. Da aka kira mu, wata mata mai furfura ce a bayan tebur, mai haƙuri ƙwarai. Ta duba na'ura ta yi masa bayani dalla-dalla, ni ma da guntun Faransancina na gane.

Ta ce a da, in mutum ya bar aiki katinsa kan daɗe yana ci, ba a kuma cika bin diddigin inda yake kwana ba. Yanzu an rage wa'adin, kuma sai wanda yake zaune a ƙasar. Shi Alhaji ba ma'aikaci ba ne yanzu, bai kai ga fansho ba, ba ya kuma zaune a Faransa, don haka babu layin da za ta sa shi. Ko dai ya jira shekarun fansho, ko ya dawo ya zauna na wasu watanni a sake buɗe masa.

Alhaji ya ɗora hannayensa a kan teburin. Har yau akwai tabon rini a gefen faratansa.

"Madam, dubi hannun nan. A garin nan ya zama haka."

"Na gani, kuma na ji ba daɗi," ta ce. "Amma bari in tambaye ka. Ciwon na gaggawa ne? In na gaggawa ne ka tafi asibiti yanzu, ba za su kore ka ba, kati ko ba kati. Me ke damunka?"

Alhaji ya ɗan juyo, idonsa ya sauka a kaina, ya mayar kan matar.

"Babu komai. Duba jiki ne kawai."

A nan na gane. An buɗe masa ƙofa, ni ne na tsaya a bakinta. Da Baturiyar nan kaɗai ce da ya faɗa. Amma mijin 'yarsa na zaune a gefe, kuma ciwon a wurin da ba a ambata yake. Na miƙe na ce zan je in ga akwatuna, ko zai yi magana a bayana. Kafin in kai ƙofa ya riga ya taso ya biyo ni.

A waje ya ce in nemo mana jirgin komawa, gida za shi, Allah ne mai magani. Ban taɓa yi masa musu ba, ranar ma ban yi ba. Cewa na yi, idona a ƙasa, "Alhaji, akwai amanar Hajiya. Ta ce hannu da hannu." Ya yi tsaki mai tsawo, ya ce mu je mu jefa wa mayunwacin nan kilishinsa.

Vaulx-en-Velin

Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka fito muka hau bas zuwa unguwar benaye inda Malam Sambo yake. Tare suka yi aikin rini, shi bai koma gida ba, matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse, yana zaune shi kaɗai. Bafulatani ne na wajen Dakwaro, Alhaji kuwa Babarbare, kun san abin da ke tsakani. Yana buɗe ƙofa ya ƙwala ihu.

"La ilaha! Bawana ya gudo! An ƙare geron Damagaram ne?"

"Rufe mini baki, makiyayin da ba shi da ko akuya," in ji Alhaji. Rabon da in ji ƙarfi a muryarsa haka tun kafin azumi.

Suka rungumi juna. Na ga hannun Malam Sambo ya tsaya a bayan Alhaji, yana shafa ƙasusuwan, dariyarsa ta ɗan rage. Na miƙa kilishin, ya karɓa ya jinjina, ya tambayi wa ya aiko. Na ce Hajiya. Ya ce, "Hajiya da kanta?" Ya sake duban Alhaji. Ya hana mu tafiya, ya ce bawa ba ya ba ubangijinsa oda. Gidan ɗaki ɗaya ne da falo, tsofaffin suka shige ɗaki, ni na samu kujerar falo.

Da safe Malam Sambo ya dama fura da madarar kanti, ya ajiye a gabanmu. Na ɗauki kofina zan koma kicin, ya ce in zauna. Sannan ya juya ga Alhaji.

"Kai, Babarbare. Jiya ban runtsa ba saboda kai. Ka tashi ka koma, ka tashi ka koma, kana nishi kamar tsohuwar saniya. Na kuma shiga bayin bayanka na gani. Fitsari ne ya ƙi maka, kuma da jini. Tun yaushe?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ƙura wa furar ido kamar akwai rubutu a ciki. Alhaji ya ce da ƙaramar murya, "Sambo, yaron nan na zaune."

"Na gan shi, ba makaho ba ne ni. Shi zai ɗauki gawarka ai, in ka mutu da kunyarka. Wace kunyar ta fi, ya ji yau ko ya wanke ka gobe? Mu Fulani aka sani da kunya, amma ko mu ba mu kai ka hauka ba. Tun yaushe, na ce?"

Can Alhaji ya ce, "Tun damina ta bara."

Malam Sambo ya ajiye ludayi. Idonsa ya kawo ruwa, amma bakinsa bai fasa ba. "Tashi ka sa takalmi, bawan banza. Kai kuma suruki, ka raka mu har ƙofa, daga nan ka ɓace."

Asibiti da La Guillotière

Haka aka yi. Na raka su har ƙofar sashen gaggawa, na ga Malam Sambo yana yi wa ma'aikaciyar bayani da ƙarfi, yana nuna Alhaji da sanda. Ba a ko tambayi katin da farko ba, keke aka kawo aka tura shi ciki. Ni kuma na ɓace kamar yadda aka umarce ni.

Na hau tiram, jirgin ƙasa na cikin gari, zuwa La Guillotière, unguwar da baƙi ke cin kasuwa. Na bi shagunan Larabawa da na 'yan Afirka, ga busasshen kifi, ga manja, ga atamfa, ban san me nake nema ba. Na shiga wani ɗan gidan abinci na ce a ba ni shinkafa da miyar gyaɗa. Tun Sevran nake mafarkin in sake cin abinci ba idon suruki, ga shi na samu, cokali biyu na yi na ture. Na yi azahar a wani ƙaramin masallaci a bayan shago, na roƙi Allah kada ya sa mun makara.

Da la'asar Malam Sambo ya fito ya same ni a bakin asibitin. Ya ce an sa masa roba, fitsarin ya fita, ya samu barci. Likita ya ce da an ƙara kwanaki da ƙodarsa ta taɓu. Amma akwai aiki a gaba, da gwaje-gwaje don a san ko ƙarin da aka gano a mararsa mai mugunta ne. Na gaggawar sun yi, sauran kuwa sai an sake buɗe masa haƙƙinsa, wato sai ya zauna.

"Zai zauna wurina," ya ce. "Na daɗe ban da mai yi mini shara."

Bizata gajera ce, ga shago na bari, dole na juya. Ranar da zan tafi na shiga sallama. Alhaji na kwance cikin rigar asibiti, ba hula, ban taɓa ganin kansa a buɗe ba. Na durƙusa a gefen gadon. Ya daɗe yana kallon taga, inda ake yayyafi, a garin da ya rantse ba zai ƙara kwana ba. Sannan ya kira sunana, abin da bai taɓa yi ba.

"Lawali. Ka wahala. Allah ya yi maka albarka." Ya juyo ya dube ni. "In ka isa, ka ce musu lafiya lau."

Na ce to.

Komawa

Jirgin Paris, kwana ɗaya a Sevran wurin Isufu, jirgin Yamai, sannan kar. A jirgi aka kawo abinci, kujerar gefena wani Bature ne, na ci ban ji ɗanɗano ba. Tun daga Doso har Tasawa ina juya kalma biyun nan a bakina, lafiya lau. Su ne suka kusa kashe shi, su kuma ya ba ni in kai gida.

Na isa Damagaram, Zuwaira da ƙannenta suna ƙofar gida. Suka ga akwati ɗaya, suka leƙa bayana. Na ce yana nan da rai, bari in ga Hajiya tukuna. Na durƙusa a inda na durƙusa ranar tafiya, labule a tsakaninmu. Muka gaisa, ta tambayi hanya, ta tambayi sanyi, sannan ta ce, "Yaya jikin nasa?"

Saƙon na kan harshena. Na haɗiye shi.

"Hajiya, ba lafiya ba. Yana asibiti, za a yi masa aiki, zai daɗe bai dawo ba. Amma ya faɗa wa likita abin da ke damunsa."

Labulen ya motsa. "Da bakinsa?"

"Malam Sambo ne ya fara faɗa."

Na ji ta sauke numfashi, dogo, irin na wanda ya sauke tulu.

"Ɗaki ɗaya suka kwana?"

"Ɗaki ɗaya."

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Ni shekara guda ina jin tashinsa, ban iya faɗa masa ba, ban iya faɗa wa kowa ba. Na san in Sambo ya ji dare ɗaya, ba zai yi shiru ba."

Sai a lokacin na gane abin da na ɗauko a ƙasan akwatina tun daga gida.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da ni. Ina gode wa Isufu da matarsa, da matar ofishin nan da ta yi tambayar da ya kamata, da Malam Sambo, wanda Allah ya ba bakin da mu ba mu da shi. Har yanzu da nake wannan rubutu Alhaji na can, ana jiran watannin su cika, ku sa shi a addu'a. Ranar Juma'a mun yi waya. Na tambaye shi jiki, na shirya jin amsar da na saba. Ina jiyo Malam Sambo yana masa tsiya daga nesa, sannan Alhaji ya ce, "Da ciwo, Lawali. Amma da sauƙi."